Muhawara: sati guda a gidan marayu na ƙasar waje, taimako ne ko cutarwa?

Anti Rifkatu: Salama 'yan'uwa, ina wuninku, mu nan yanzu gari ke wayewa. Addu'arku nake nema. Matasan cocinmu na nan Ohio su 14 zasu tafi Jamhuriyar Dominika a watan Yuli, sati guda zasu yi a wani gidan marayu kusa da iyakar Haiti, kuma ɗiyata na ciki. Zasu yi fenti, su koyar da waƙoƙi, su kai littattafai da takalma. Kowa dala 1,900 zai tara na tikiti da masauki da abinci, yarinyar nan tun Janairu take soya cincin tana sayarwa bayan sujada, ban taɓa ganin ta ɗauki wani abu da zafi haka ba

Yohanna: Amin Anti! Ubangiji ya kai su lafiya ya dawo da su lafiya. Yarinya 'yar shekara 16 a Amurka tana tunanin marayu, ai wannan abin godiya ne

Bitrus: Anti kiyi haƙuri, addu'a kam zan yi, amma akwai maganar da in na haɗiye ta zata dame ni. Ni a ganina irin wannan tafiyar cutarwar da take yi wa yaran gidan ta fi amfaninta. Ba da ɗiyarki nake ba, zuciyarta mai kyau ce, da tsarin nake

Yohanna: Haba Bitrus. Ziyarar marayu ce ta zama cutarwa? Ka buɗe Yakubu 1:27 mana, ai ziyartar marayu da gwauraye cikin ƙuncinsu aka kira sahihin addini

Bitrus: Na san ayar Yaya Yohanna, tare muka haddace ta a Sande sukul. Tambayata ita ce su waye a cikin gidan. Ƙungiyar Lumos da ta yi bincike a Haiti ta fitar da rahoto a 2017, yara wajen 30,000 ne a gidaje kusan 750, kuma kimanin kashi 80 cikin 100 suna da uwa ko uba da rai. Rahoton ya bi sawun aƙalla dala miliyan 70 da ke shiga gidajen duk shekara, yawancinsu daga coci-coci da masu bi na Amurka. To ka duba, uwa bata da kuɗin makaranta, an ce mata ga gida can ana ba da abinci sau uku da yunifom kyauta amma sai yaro ya kwana can, me zata yi? Ta miƙa shi tana kuka. Kuɗin na bin yawan gadajen kwana ne, yawan yara yawan baiko, shi yasa gidajen ke ƙaruwa. A Kambodiya haka aka gani, tsakanin 2005 da 2010 yawan gidajen marayu ya ƙaru da kashi 75 cikin 100 daidai lokacin da baƙi 'yan yawon buɗe ido suka yi yawa

Anti Rifkatu: Amma Bitrus ba Haiti zasu ba fa. Tun abin da ya faru a Oktoban 2021 da 'yan daban 400 Mawozo suka sace 'yan mishan 17 na Christian Aid Ministries suna dawowa daga ziyarar gidan marayu, har da ƙananan yara biyar a cikinsu, fastonmu yace an daina. Hedikwatarsu a nan jiharmu take, wata biyu muna addu'a kafin na ƙarshensu su kuɓuta a Disamba

Bitrus: Wannan tsaron masu zuwa ne Anti, kuma yana da kyau an duba shi. Ni na waɗanda ake zuwa wurinsu nake magana. Ki tuna bayan girgizar ƙasar Haiti ta 12 ga Janairu 2010, Amurkawa 10 'yan Baftis, yawancinsu daga Idaho, aka kama a kan iyaka da yara 33 ba takardu, zasu tsallaka da su Dominika su buɗe gidan marayu. Da aka bincika yawancin yaran iyayensu na nan. Kuma mutanen nan da zuciya ɗaya suka ce Allah ne ya aiko su

Saratu: Ni dai bari in sa baki tunda shekara 6 ina aiki a gidan yara a nan Filato. Bitrus kana magana kamar kowane yaro yana da inda zai koma. Akwai yarinyar da aka kawo mana daga kudancin Borno a 2014, ƙauyen an ƙone, uba an kashe, uwa har yau ba labari, mun yi cigiya ta coci ta sansanin 'yan gudun hijira ba wanda ya fito yace tasa ce. Ina zamu kai ta? Kuma da baƙin da kake cewa kar su zo aka haƙa mana rijiyar burtsatse, mutum baya ba da kuɗi ga abin da bai gani ba, gani ya kori ji. Ranar da baƙi suka daina zuwa ranar buhun masara zai daina zuwa, ni na san wannan don ni ke riƙe da makullin sito

Yohanna: Yawwa Saratu. Kuma in bincike ake so akwai na jami'ar Duke da aka buga a 2009, yara 'yan shekara 6 zuwa 12 a Kambodiya, Habasha, Indiya, Kenya da Tanzaniya, aka kwatanta na gidajen marayu da marayun da ke zaune a hannun mutane a gari, ba a samu na gidajen sun fi shan wahala ba. Mu da muka san riƙo ai mun san akwai ɗan riƙon da shi ne jakin gidan, shi zai ɗebo ruwa shi zai yi talla 'ya'yan gida na makaranta. Ba kowane gidan kawu ne aljanna ba

Bitrus: Wannan gaskiya ne ban musa ba, akwai riƙo na zalunci. Amma akwai kuma binciken Bukarest a Romaniya da aka fara a farkon shekarun 2000, jarirai da ƙananan yara 136 na gidajen gwamnati, aka mai da rabi hannun iyalai aka bar rabi, aka bi su shekara da shekaru. Waɗanda aka fitar, musamman kafin su cika shekara 2, sun fi a basira da magana da shaƙuwa da mai renonsu. Kuma Saratu ban ce a rufe gidanku gobe a watsar da yara a titi ba. Ruwanda da ta fara mai da yara cikin iyalai a 2012 a hankali ta yi, da ma'aikatan jin daɗin jama'a masu bin kowane yaro har gida. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba

Baba Ishaku: 'Ya'yana ku bi a hankali, kar ku sa uwar yarinya ta ji kamar ta yi laifi. Ni tambaya ɗaya gare ni Rifkatu, 14 sau 1,900 nawa kenan? Na buga a waya ya ba ni dala 26,600. A garin da zasu je babu masu fenti ne? Ina tambaya ne don ni birkila ne shekara 40, in baƙi suka zo suka yi aikin kyauta akwai magidancin da ranar bai kai cefane gida ba

Yohanna: Baba da girmanka, kuɗin nan fa in ba don tafiyar ba ba za a tara su ba. Ba wanda zai sayi cincin sati-sati don a tura wa mai fentin da bai sani ba. Kuma yaran da suka je suna dawowa da wata zuciya dabam, daga irin wannan ake samun masu mishan na gobe

Baba Ishaku: To ɗana, in don gyaran zuciyar namu yaran ne a faɗa haka a fili, a kira shi zuwa koyo. Kar a ɗora wa marayu nauyin tarbiyyar 'ya'yanmu

Talatu: Na daɗe ina karantawa ina rubutu ina gogewa. Da yawanku ba ku sani ba, na yi shekara 4 a gidan marayu daga ina shekara 7, bayan rasuwar babanmu, mamana na da rai tana wankau a gari, mu biyar ne ta kasa. Ba a taɓa dukana ba a gidan, abinci muna ci, kar a ce na yi butulci. Amma in za a yi baƙi tun ana jibi ake koya mana waƙa da rawa, kuma mun san wanda ya fi rungumar baƙo shi ke samun alewa da hoto, to sai ka ga yaro ya ruga ya ɗale mutumin da bai taɓa gani ba, baƙin suna ta hawaye wai yaran nan akwai ƙauna. Akwai wata baturiya da ta yi kwana 5 tana min kitso duk da bata iya ba, ta sa ni a cinya muna cin biskit, ranar tafiya ta cire ribbon ɗin gashinta ta ɗaura min a hannu tace zata dawo da Kirsimeti. Na yi Kirsimeti uku ina zama a bakin get da abin nan a hannu har ya koɗe. Ban ce muguwa ce ba, na tabbata har ranta ta faɗa. Amma bayan ita duk wanda ya zo sai in yi masa dariya in rungume shi, cikina kuwa ba kowa, kuma wannan halin ya bi ni har gidan aure, mijina ya sha fama kafin in yarda in ya fita zai dawo

Saratu: Kai Talatu. Sannu 'yar'uwa. Shekara nawa muna zumunta ban sani ba

Talatu: Ba komai Yaya. Abin da ya fitar da ni goggona ce, wata mata a zumuntar mata ta saya wa mamana keken ɗinki ta biya mana kuɗin makaranta na shekara biyu, goggo ta ɗauki biyu mama ta riƙe uku. Kuɗin bai kai na tikitin jirgin mutum ɗaya ba

Yohanna: Talatu ban da bakin musa abin da kika gani da idonki, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma har yanzu ina nan kan cewa hana tafiya gaba ɗaya ba shi ne magani ba. A je, amma a san yadda za a je

Bitrus: To a nan mun kusa haɗuwa Yaya. A je a ga cocin garin, a zauna da fastocinsu, a ga makaranta da asibiti, a yi aiki ƙarƙashin magina na wurin ana biyansu. Ɗakin kwanan yara ne bai kamata ya zama wurin ziyara ba. Ko a nan Amurka da Anti take, zasu bar bas ɗin baƙi daga wata ƙasa ya tsaya su shiga su ɗauki yaran da ke hannun hukuma suna hoto? Ostareliya ma a dokarta ta 2018 ta sa safarar yara zuwa gidajen marayu cikin bautar zamani, kuma babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya a Disambar 2019 ya nemi ƙasashe su magance illar aikin sa kai a gidajen marayu

Saratu: Ni abin da ke ci min rai ana faɗin dokoki daga Ostareliya amma in masara ta ƙare ni yara ke kallo. In masu bayarwa zasu yarda su ci gaba da turo kuɗin bayan yaro ya koma gida, ni ce ta farko da zan raka shi da jakarsa. Cikin namu 41 na san aƙalla rabi suna da kaka ko goggo da zata karɓa in da abin ciyarwa. Amma ka gaya wa coci a waje cewa gadaje sun ragu, sai su ce to aiki ya ƙare su koma wani gidan mai yara da yawa

Baba Ishaku: Wannan maganar taki Saratu ita ya kamata fastocin can su ji, daga bakinki

Anti Rifkatu: Na yi shiru ne don Talatu ta tuna min abin da na binne. A 2017 ni ma na bi irin wannan tafiya zuwa Haiti a matsayin nas. Akwai yaro ɗan shekara kamar 5 da ya manne min sati guda, duk inda na juya yana riƙe da gefen siket ɗina. Ranar Lahadi wata mata ta zo bakin get da soyayyar ayaba a leda, bata shigo ba, ta miƙa ta tsakanin ƙarafa yaron ya karɓa suka yi magana da Kiriyol, yaren Haiti, ƙasa-ƙasa, na tambayi mai fassara yace mamansa ce, duk Lahadi take zuwa da ƙafa. Na ji wani iri amma na ce a raina ai yana samun kulawa. Ranar da zamu tafi ni ke kuka shi ko ɗigon hawaye, muna fita wata bas na shigowa da wasu matasa masu riguna kala ɗaya, ta tagar mota na ga ya ruga wurinsu da hannu a buɗe. Hotonsa na kan firij ɗina har yau, sunan uwar kuwa ban tambaya ba

Yohanna: To yanzu Anti me zaki ce wa yarinyar? Wata shida tana soya cincin fa, kar a kashe mata gwiwa

Anti Rifkatu: Ba zan hana ta da ƙarfi ba, zan zaunar da ita in ba ta labarin yaron nan, in Talatu ta yarda in karanta mata nata ba tare da suna ba. Ranar Laraba akwai mitin ɗin iyaye da faston matasa, zan tambaye shi yara nawa ne a gidan ke da iyaye, gidan na da rajista da hukumar ƙasar ko babu, kuma nawa suka mayar gida bara. Saratu ki turo min muryarki kan maganar gadaje in fassara musu

Talatu: Na yarda Anti. In ma sun tafi ɗin, ki roƙe ta abu ɗaya, kar ta ce wa kowane yaro zata dawo

Saratu: Zan turo da daddare in yara sun kwanta, yanzu layin wanka ake