Wasan daɓe, talabijin ko fim: ina ya kamata ’yata ta fara?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum jama’a. ’Yata ta karanta wasan kwaikwayo a ABU Zariya, yanzu tana gab da gama bautar ƙasa. Ita wasan daɓe take so, wai nan ne asalin sana’ar. Ni kuwa na ce mata daɓe ba ya ciyar da mutum a Arewa, ta nemi shiga shirin talabijin. Mahaifinta bai ce uffan ba tukuna. Akwai macen da ta haɗa duka ukun kuma ta daɗe tana cin abinci da su?

Tsohon Ɗan Dirama:
Wa alaikumus salam Hajiya. Akwai, ki duba Joke Silva ta Legas. An haife ta a 1961, ta koyi wasa a makarantar Webber Douglas da ke Landan, ta kuma karanta Turanci a Jami’ar Legas. A daɓe ta goge, a babban gidan wasa na National Theatre da ke Legas ma suka haɗu da mijinta Olu Jacobs. Daga baya ta fito tare da ɗan wasan Birtaniya Colin Firth a fim ɗin The Secret Laughter of Women, ta ci kyautar fina-finan Afirka ta AMAA a 2006 da fim ɗin Women’s Cot, ta sake ci a 2008 da White Waters. Har makarantar koyon wasa suka buɗe ita da mijin, Lufodo.

Ina bayan ’yarki a abu ɗaya. Na yi daɓe da ƙuruciya. A can babu mai cewa a tsaya a sake. Kin manta layinki, ɗaruruwan idanu na kanki, dole ki san yadda za ki lallaɓa ki fita. Muryarki kuma sai ta kai wa na kujerar ƙarshe ba tare da kin yi ihu ba. Wadda ta sha wannan horon, kyamara ba ta razana ta.

’Yar Lokeshan:
Baba, ka yi haƙuri, amma Legas daban, Kano daban. Can mutane na sayen tikiti su shiga kallon wasa. Mu nan wa zai biya? Ni kwalliya nake yi wa ’yan wasa, ina ganin masu digirin nan in sun zo. Ranar farko darakta na ta fama da su: rage murya, daina wurga hannu, kyamara na kusa da fuskarki, ido kawai ya isa. Ga shi sai a fara ɗaukar fitowar da mijinki ya mutu da safe, ta ranar aurenku kuma sai bayan la’asar, duk don kada a biya kuɗin gidan sau biyu. A daɓe labari a jere yake tafiya, a nan kuwa a yayyanke.

Umma, shawarata ta nemi shiri mai dogon zango irin su Daɗin Kowa na Arewa24 ko Labarina. Tunda kasuwar faifai ta mutu, can aikin ya koma, da YouTube. Ta kuma yi rajista da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano kafin komai.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Amma ’yar nan, kuɗin fa? Duk fitowa ake biya ko sai an gama zango? Wannan mahaifinta zai fara tambaya.