Musayar Baiti: Ƙyanda Ta Dawo Kan Yara

'Yar Gwale (Talata, 8:40 na dare)
Assalamu alaikum 'yan zaure. Bazara ta shigo, kun kuma san abin da take zuwa da shi unguwanninmu. Ni zan buɗe yau. Ƙwar huɗu, babban amsa-amo "ra".

Sunan Allah mai yin rahama,
Tsira ga Ma'aiki mai girma,
Na zo muku yau da batun fama,
Ƙyanda ta dawo kan yara.

Zafi ya sauko, ga iska,
Yaro da ido ja, ga kuka,
Tari da mura, ƙurji fuska,
Baƙon dauro ne, ga bazara.

Ɗaya in ya kamu cikin ɗaki,
Numfashi ne, ba sai baki,
Sa'a biyu ƙwayar na aiki
A cikin iskar, mu yi hattara.

Inna ki taho, ga katinki,
Kyauta ce, ba ko sisinki,
Biyu ce kan kowane ɗa naki,
Wata tara, sha biyar a ƙara.

Ɗan Kwari (9:05)

Anti mun ji ki, ba mu ƙi ba,
Amma tambaya ba ki amsa ba,
Zazzaɓi bai bar gidanmu ba,
Kyautarku ta tsaya kan allura.

Maganin cizon sauro, kuɗi,
Kati kuɗi, gado kuɗi,
Ƙarin ruwa a jiki, kuɗi,
Wannan ce kyauta? Akwai ishara.

Shekarar sanƙarau na tuna,
Can a asibitinmu na Zana,
Baƙi suka zo da sabon suna,
Suka yi gwajinsu a kan yara.

Ga yaran da ba a haifa ba a lokacin: 1996 ne, kamfanin Pfizer, maganin Trovan. Yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Ba a Facebook na tsinto ba, a garin nan aka yi.

Gwaggon Dorayi (9:12)

Ɗan Kwari, zo nan, ɗan ƙanwata,
Kai ne mai sayen ƙwaya a mota,
Ba ka taɓa tsayawa ka karanta,
Yau kai ne gwanin binciken allura?

Na san ƙyanda tun ina budurwa,
In ta shiga lungu sai binnewa,
Wani ya tashi da makancewa,
Yana bin sanda, ana masa jagora.

Da can a kulle yaro a ɗaki,
Ba wanka, sai jiƙo a baki,
Rashin sani ne ya yi wannan aiki,
An binne da yawa kafin a lura.

Ɗan Kwari (9:15)

Gwaggo, girmanki na riƙe shi,
Amma zancena kin tsallake shi,
Maganin mota ni na sha shi,
Ban ɗura wa ɗan kowa ba, ki lura.

In na ga tsumma na ja da baya,
Kar ki kira shi rashin tarbiyya,
Kano ce aka yi wa wannan ɗanya,
Mu ne waɗanda maciji ya sara.

Malam Mai Aruli (9:31)
Kafin a yi nisa. 'Yar Gwale ta ɗauko karin aruli na Mutadarik, ta kuma riƙe shi da kyau har aka kusa gamawa. Amma ɗangonta na ƙarshe, "Wata tara, sha biyar a ƙara", ya karye tun daga ƙafar farko: "wa" gaɓa ce marar nauyi, "ta" mai nauyi, alhali ƙafar tana son masu nauyi biyu, ko marasa nauyi biyu da mai nauyi ɗaya. Shi kuwa Ɗan Kwari, kuɗi, kuɗi, kuɗi ba amsa-amo ba ne, maimaici ne. Na Gwaggo ban yanka ba saboda girmanta.

Waƙa tilas sai mizani,
Zance ko ya kai amfani,
In ya karye, ya zam muni,
Ku tsaya ku ji gyaran mai gyara.

Na-Malam (9:33)
Ɗan Kwari, bakinka ya sha zuma.

Allah ya saka wa Malam Sardauna,
Da ya ce a dakata sai mun auna,
Bai bari an shigo an yi mana ɓarna,
Daga Indunusiya ya kawo allura.

Jar Hular Fagge (9:36)

Na-Malam, kai dai ba ka gajiya,
Ana makoki kana tallan jam'iyya,
Kusan shekara aka rufe hanya,
Shan-inna ta yi ta cin ƙafar yara.

Daga 2003 zuwa Yulin 2004 aka dakatar da ɗigon shan-inna a Kano, zamanin Malam Shekarau. Cutar ta tsallaka ƙasashe wajen ashirin, har ita Indunusiyar da kake yabo sai da ta kai mata a 2005. Mu namu jagoran, Kwankwaso, 'ya'yan talakawa ya tura ƙasashen waje karatun likita.

Na-Malam (9:38)
An fara ke nan. Ba a magana a garin nan sai kun sako hula a ciki. Shugaba da ya saurari kukan jama'arsa da malamansu bai yi laifi ba.

Ɗalibin Bayero (9:40)
Malam Mai Aruli, da girmamawa. Halil ɗan Ahmad, wanda ya tsara aruli, baitukan Larabawa ya auna a Basra, ba na Hausawa ba. Mu muna da karin da muka gada daga waƙar baka, in an rera ɗangon Anti da murya yana zama daram. Maimaicin Ɗan Kwari kuma da gangan ne, shi ne ma ƙarfin baitin.

Malam Mai Aruli (9:44)
Murya tana ɓoye illa, takarda ba ta ɓoyewa. Wannan zauren rubutacciyar waƙa ne. Duk wanda ya fara da Mutadarik ya ɗauki alkawari, sai ya cika shi har ɗangon ƙarshe. Wa ya koya maka yanka?

Ɗalibin Bayero (9:45)
Wanda ya koya min ya ce akwai zihafi, akwai illa, wato sauye-sauyen da aruli ya yarda da su, kuma ba kowane canjin ƙafa ne karaya ba.

Malam Mai Aruli (9:47)
To faɗa min sunan zihafin da ke mayar da ƙafar farko haka. Ina jira.

Ɗalibin Bayero (9:52)

Malam ya riƙe awo da sanda,
Ya manta batunmu batun ƙyanda,
Yana ƙirga gaɓa kamar ɗan sanda,
Ma'ana ta wuce shi, bai ankara.

Malam Mai Aruli (9:54)
Sanda da ɗan sanda. Kai ma maimaicin ka yi.

Shugaban Zaure (10:10)
Ya isa. Mai son aruli ya buɗe nasa zaren gobe. Na-Malam da Jar Hula, ku ajiye tutocinku a ƙofa. Wanda ya manta yadda batun rigakafi ya taɓa zafi a garin nan ya tuna Fabrairun 2013, da aka harbe ma'aikatan ɗigon shan-inna tara a Kano. Ba maganar wasa muke ba. Ɗan Kwari ya yi tambaya, ba a amsa masa ba.

Ɗan Dala a Amurka (Laraba, 3:20 na dare)
Ku yi haƙuri, lokacinmu ya sha bamban, yanzu na ga zaren. Ina so ku san cewa wannan gardamar ba ta Kano kaɗai ba ce. A shekarar 2000 aka ayyana cewa Amurka ta kawar da ƙyanda. A farkon 2025 ta ɓarke a yammacin jihar Texas, cikin al'ummar da yawancin yaransu ba su da allura, yara mata biyu suka rasu, dukansu ba a yi musu ba. A daidai lokacin ne Robert F. Kennedy Jr., wanda ya shafe shekaru yana sa shakka kan alluran rigakafi, ya zama sakataren lafiya na ƙasar. Nan batun ya koma na jam'iyya, irin abin da Na-Malam da Jar Hula suka fara ɗazu.

Tushen tsoron nasu wani likita ne a Ingila, Andrew Wakefield, da ya wallafa a mujallar Lancet a 1998 cewa allurar na da alaƙa da lalurar galahanga, bisa yara 12 kacal. An gano maguɗi a aikin, mujallar ta janye shi a 2010, aka kuma soke sunansa daga rajistar likitoci.

Ƙarya ɗaya ce aka shuka a Landan,
Ta yi jijiya can, ta yi reshe nan,
Mai ita an kore shi tun tuni, sannan
Har yau tana cin rayukan yara.

Ɗan Kwari (7:50 na safe)

Madalla da ɗan Dala na Turai,
Ka ba ni hujja, ka ƙara min kai,
Ministan masu allurar ma dai
Yana shakka, ni ne zan saki jiki in tara?

Malam Mai Aruli (7:58)
Amurka ba Turai ba ce, kuma ɗangon ƙarshe ya yi tsawon biyu.

Ɗan Dala a Amurka (8:03)
Ɗan Kwari, rabin zancen ka ɗauka. Shi kansa Kennedy, bayan ya je jana'izar yarinya ta biyu a Afrilun 2025, ya rubuta cewa allurar ita ce hanya mafi inganci ta hana ƙyanda yaɗuwa.

'Yar Gwale (2:15 na rana)
Sai yanzu na sami sarari. Malam Mai Aruli, na ji gyaranka, amma tara da sha biyar ba za su motsa don ƙafar waƙa ba, uwa ta riƙe watannin shi ne buƙatata. Ɗan Kwari, kai nake wa.

Ɗan Kwari, batun Zana gaskiya ne,
An cuci Kano, kowa shaida ne,
Amma wancan sabon magani ne,
Ba shi ne wannan ba, ka lura.

Wannan ta girmi ni da kai duka,
Jikokin masu ita sun sha, sun ɗauka,
Makka da Misira duk an karɓa haka,
Ba kan Bakano aka fara.

Ana cewa haihuwa ake son tsayarwa,
Tun yaushe ake yi, ina tsayawa?
Leƙa layinku ranar raɗin suna ka ji guɗawa,
Kano ba ta rage ba, sai ma ƙara.

Trovan magani ne da ake gwadawa, ba a gama tantance shi ba. Allurar ƙyanda kuwa tun 1963 take, kuma wanda ya sami biyun yana da kariya kusan kashi 97 cikin ɗari. Ba na ɓoye maka, wani yaron yakan yi zazzaɓi ko ɗan ƙurji bayan kamar mako guda, ya wuce. Ita cutar kuwa tana kawo ciwon huhu da gudawa da makanta, tana kuma goge kariyar da jikin yaro ya riga ya tara, shi ya sa za ka ga ya warke amma ya yi ta laulayi watanni.

Dalilin ba da allurar kyauta kuma shi ne saurin yaɗuwar cutar. Mutum ɗaya yana iya sa wa mutum 12 zuwa 18 in ba su da kariya, don haka sai an yi wa kashi 95 cikin ɗari kafin ta rasa hanyar wucewa. Jariri ɗan wata shida da bai kai lokacin allura ba, yaran maƙwabta da aka yi wa su ne katangarsa. Ka ga abin da mashaƙo ya yi mana a 2023 da aka bar giɓi. Kuma ba allura kaɗai ake rabawa kyauta ba: duk damina ana bin gidaje da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ana kuma raba gidan sauro.

Batun kuɗin kati da na gado, ka yi gaskiya, ni ma yana ci mini rai kullum na ga uwa ta juya da yaro saboda ba ta da na magani. Wannan 'yan majalisa da gwamnati za ka tuhuma, zan kuma tsaya a bayanka.

Fushinka ka kai shi gidan gwamnati,
Ka nemi haƙƙinka na asibiti,
Amma ɗanka ka kawo shi da kati,
Ba shi ya ci bashin ba, ka bar shi ya tsira.

Gwaggon Dorayi (2:31)
Allah ya yi miki albarka, 'yata. Ɗan Kwari, ina bakin naka?

Na-Malam (2:40)
Ni dai har yanzu na ce gara a auna kafin a ba yaro.

Ɗan Kwari (bayan la'asar, 4:55)
Ina nan, Gwaggo, ciniki ne ya riƙe ni. Anti, kin amsa fiye da rabi. Saura in gani da idona.

Zan zo, amma ni zan riƙe kwalba,
In duba ranar da ba ta wuce ba,
Sirinjin da ba a taɓa buɗewa ba,
A gabana za a yage leda a fara.

Batun kuɗin gado ban janye ba,
Na Zana ma ban yafe musu ba,
Jar Hula da Na-Malam, ba ku amsa ba:
Wane naku ya sauke kuɗin gadon yara?

'Yar Gwale (5:02)
Ka zo da safe, ka taho da katunansu duka. Za ka riƙe kwalbar, in nuna maka tambarin da ke jikinta wanda yake canja launi in zafi ya taɓa ta. In an haɗa ta da ruwanta, bayan sa'a shida zubarwa muke yi, don haka kar ka kai azahar.