Abin da masu haƙa burtsatse suka ce kan gyaran bakin injin haƙa

Da muka zauna da wasu masu haƙa rijiyar burtsatse, maganar da suka fi nanatawa ita ce kada a bari haƙoran kabayid (wani irin ƙarfe mai tsananin tauri) da ke bakin injin haƙa su dakushe sarai. In saman haƙori ya baje har ya kai kashi ɗaya bisa uku na faɗinsa, lokacin wasawa ya yi. In an wuce nan, haƙa ta ragu, gas na ƙonewa a banza, haƙorin kuma ya fara tsattsagewa kamar fatar maciji.

Da ƙoƙon wasawa mai lu'u-lu'u ake yi, ruwa na zuba a kai, don zafi na fasa kabayid. Haƙoran gefe suka fi jan magana, domin su ke riƙe faɗin rami. In suka cinye, musamman a dutse mai tauri irin na Jos, baki na iya maƙalewa a ƙasa. Haƙorin da ya karye kuwa, a goge shi ya yi daidai da jikin ƙarfen bakin, a kuma share ramukan da iska ke fitowa ta cikinsu.

Kan yi wa bakin da ya tsage walda aka yi saɓani. Ni dai na fi yarda da waɗanda suka ce in jikin ƙarfen ya tsage, a haƙura da shi.