Neman shawara: filin layinmu ya zama bola, muna so ya koma wurin wasan yara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Gidan haya muke a Kano, ɗaki biyu, yara biyar. Tsakar gidan ba ta wuce shimfiɗar tabarma uku ba, dole suke fita bakin titi buga ƙwallo, ga 'yan adaidaita sahu. Wuraren wasa duk na kuɗi ne, Gidan Zoo ma sai da Sallah muke iya kai su. Akwai fili a bayan layinmu da aka mayar bola. Mu matan layin muna so a gyara shi, a dasa itatuwa. Ta ina za mu fara?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ku taɓa ko tsinke sai kun san matsayin filin. Ku sa mazanku su je wurin mai unguwa, shi ya san tarihinsa. Idan unguwar gwamnati ce ta yanka, a rubuta takarda zuwa KNUPDA, hukumar tsara birnin, a nemi a duba taswirar unguwar ko an ware wurin don amfanin jama'a. In kuwa awon igiya ce, to kusan tabbas filin yana da mai shi. Nan sai yarjejeniya a rubuce: aro ne na shekara kaza, ba za a yi gini ba, mai unguwa da limami su sa hannu. Masu filaye suna tsoron aro ya rikiɗe ya zama mallaka, takardar ce ke kwantar musu da hankali.

Amsa ta biyu:
Sharar kuma kada a cinna mata wuta, hayaƙin leda yana tayar wa yara da asma. Ku nemi motar REMASAB, hukumar kwashe shara, ta kwashe, sannan a kankare saman ƙasar kamar taƙi ɗaya, domin a nan kwalabe da ƙusoshi da allurai suke binne. A zuba jar ƙasa a daddaɓe, yashi a inda ƙanana za su zauna. A cike duk wani rami, ruwan damina in ya kwanta sauro ne. Kayan miya dai ban ba da shawarar shuka su a tsohuwar bola ba.

Amsa ta uku:
Maman yara, ki fara da darbejiya, tana jure fari kuma cikin shekara uku zuwa huɗu za ku zauna a inuwarta. Tsamiya da maɗaci suna da kyau amma suna da nawa. Turare kuwa inuwarsa kaɗan ce, ga shan ruwa. Ku yi dashe a Yuli, bayan damina ta zauna; a lokacin ne ma'aikatar muhalli takan raba dashe, ku kai buƙata da sunan ƙungiyar unguwa. Rami ya kai santimita 60 faɗi da zurfi. A gauraya ƙasar sama kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara. A yanke ledar da dashen yake ciki a cire ba tare da an fasa dunƙulen ƙasar ba. Tazarar mita 6 zuwa 8 tsakaninsu, a nisanci katanga da shadda da aƙalla mita 5, kada kuma a dasa a ƙarƙashin wayar wuta.

Abin da ya fi kashe dashe awaki ne da rani. Kowace bishiya a kewaye ta da bulo mai tazara ko ragar waya, tsayin ƙirjin babba. Gajeren keji akuya tana miƙewa ta cinye kan. Daga Nuwamba har saukar ruwa, jarka ɗaya sau biyu a mako, da yamma. Ruwan alwala na masallaci ya wadatar, na wanki mai omo ne ba a so. Bishiya shida da kowace ke da gidan da ke ba ta ruwa sun fi talatin marasa mai kula.

Amsa ta huɗu:
Kafin inuwar ta samu, Yaya, ku ga shugaban firamaren unguwarku da kwamitin iyaye, a ba yara filin makaranta bayan la'asar zuwa magariba. Sharaɗin da sukan kafa shi ne babba ya tsaya a kansu, don haka ku tsara juyi, gida biyu kowace rana.