Ɗana wata 27 ba ya magana, har yau ba wanda ya gaya min abin da ke damunsa

Maman Hanif:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah ku yi haƙuri rubutun zai yi tsawo, abin ne ya cika min ciki ba ni da wanda zan faɗa wa ya saurare ni har ƙarshe.

Ɗana yanzu watansa 27. Shi ne na biyu, yayarsa tun tana shekara ɗaya da rabi take surutu har sai an ce ta yi shiru, to shi ya sa tun da wuri na ga bambanci. Bai zauna da kansa ba sai wata 10, tafiya kuma sai da ya kai wata 20. Magana kam babu, "mama" kawai yake cewa kuma kowa mama ne a wurinsa, har babansa. In yana son abu ba ya nunawa da yatsa, hannuna zai kama ya ja ni har gun abin ya ɗora hannun nawa a kai. In na kira sunansa wani lokaci ya juyo wani lokaci kamar da bango nake, amma kuma waya ta yi ƙara a wani ɗaki da gudu zai tafi, shi ya sa nake cewa ai yana ji.

An haife shi a sati 35, ya yi shawara aka sa shi a ƙarƙashin fitila kwana 3.

Likita na farko da na kai shi yana wata 18 ya ce in ƙara haƙuri maza suna da nawa. Na biyu da muka gani kwanan nan shi ya ɗan tsaya ya kalle shi, ya rubuta mana takarda zuwa wurin ƙwararren likitan yara, to can kuma sun ba mu rana sai nan da wata 4. Wata 4 fa! Maigidana ya ce na cika sa wa kaina damuwa, mahaifiyarsa ta ce shi ma uban haka ya yi. Ni kuwa dare ya yi ba na barci, ina ta lissafi ko ni na jawo, ko wayar da nake ba shi in ina aiki ce, ko don yare biyu muke yi a gida, ko allurar rigakafi ce kamar yadda wata ta ce min.

Tambayata biyu ce. Me zan yi a cikin wata 4 ɗin nan, zama zan yi kawai? Kuma in ranar ta zo me zan ce wa likitan don kar a sake sallamata da "ki ƙara haƙuri"?

Baban Yusra:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki wlh, ƙanena sai da ya kusa shekara 4 kafin ya buɗe baki, yanzu in ya fara magana ba mai tsayar da shi. Kowane yaro da lokacinsa. Allah ya raya shi.

Ummu Nabila:

Baban Yusra na san da kyakkyawar niyya ka faɗa, amma irin maganar nan ce ta cinye min shekara guda da 'yata. Gaskiya ne akwai yaran da suke makara su kamo daga baya, matsalar ita ce daga ido ba ka isa ka gane wanda zai kamo da wanda ba zai kamo ba.

Maman Hanif abin da ya tsaya min a rubutunki shi ne "ai yana ji". Ni ma haka na dinga cewa. 'Yata tana jin bugun ƙofa, tana jin ƙarar mota, ashe ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnenta duka biyun, maganar mutane tana zuwar mata kamar wanda ya nutsa kai a ruwa ana masa magana daga waje. Jin ƙarar waya daban, rarrabe "sa" da "ta" da "ka" daban. Kuma ba ta taɓa kukan ciwon kunne ba balle in yi zargi.

Kar ki jira wata 4 kafin gwajin ji, ki nema tun yanzu, shi ba sai kin ga ƙwararren ba tukuna a wurare da yawa. Akwai wanda ake sa ɗan abu a kunne minti kaɗan an gama, akwai kuma wanda ake kira ABR, ana manna wayoyi a kan yaro yana barci na'ura ta auna ko sauti yana isa ƙwaƙwalwa, ba ya buƙatar yaron ya ba da haɗin kai kuma ba zafi. Ki tabbatar kin gaya musu maganar shawarar nan da haihuwar sati 35, domin shawara in ta yi tsanani tana iya taɓa jijiyar ji. Ban ce shi ke damunsa ba fa. Ko ya fito lafiya lau kin rage abu ɗaya, kuma duk likitan da za ki gani sai ya tambaye ki sakamakon.

Sista Rabi:

'Yar uwa sannu da ƙoƙari. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren yara, ba likita ba ce kuma ba wanda zai iya gaya miki abin da ke damun yaro ta rubutu, amma bari in ba ki abin da zai taimake ki ki shiga ɗakin likita da ƙarfinki.

Na farko ba ki cika damuwa ba, abin da kika lissafa ya isa a duba. Yawancin yara suna tafiya ba a riƙe su ba kafin wata 18. A wata 18 ɗin ana sa ran kalma 3 ko fiye ban da mama da baba, kuma yaro ya nuna miki abu da yatsa don ki gani. A wata 24 ya haɗa kalma biyu, irin "ba ni" ko "mama zo". Yaron da aka haifa kafin lokaci ana rage masa satittikan da ya yi saura har ya kai shekara 2, naki sati 5 ne, to ko an rage tafiyarsa ta faɗo wajen wata 19, ta ɗan wuce. In jinkirin ya taɓa ɓangare biyu ko fiye, misali motsi da magana, a yaro ɗan ƙasa da shekara 5, likitoci suna kiransa jinkirin ci gaba na gaba ɗaya. Ki lura wannan bayanin halin da ake ciki ne kawai, ba shi ne dalilin ba, dalilin sai an bincika.

Abin da ake yawan dubawa bayan ji da gani: jini, don ƙarancin sinadarin ayon (ƙarfen da ke cikin jini) da aikin tayirod (ƙullin da ke gaban wuya) da gubar dalma, sannan namiji da ya makara a tafiya ana yawan yi masa gwajin jini da ake kira CK don a tabbatar ba ciwon tsoka ba ne. Wani lokaci a tura gwajin ƙwayoyin halitta. Hoton ƙwaƙwalwa ba kowa ake wa ba sai likita ya ga dalili. Kuma in faɗa miki tun yanzu don kar ya zo miki a ba-zata, yara da yawa ana gama duk wannan ba a samu takamaiman dalili ba, kuma duk da haka suna samun ci gaba da taimako.

Rashin nuni da yatsa da jan hannunki da rashin amsa suna, su ne za su sa likita ya yi tunanin otizim, wato yanayin da ke shafar magana da yadda yaro yake hulɗa da mutane. Akwai takardar tambayoyi da ake kira M-CHAT-R, tambaya 20 ce ta e ko a'a, an yi ta don yara 'yan wata 16 zuwa 30, kin ga ɗanki yana ciki amma saura wata 3 ya fita, ranar da aka ba ki kuma ta wuce haka. Kyauta ce a intanet, ki cike ki tafi da ita. Ba ta yanke hukunci, tana nuna wanda ya kamata a duba sosai ne kawai. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma shawararta a yi wa kowane yaro irin wannan tantancewa a wata 18 da 24, ko da iyaye ba su yi ƙorafi ba.

Batun laifin da kike ɗora wa kanki. Yare biyu ba ya jawo jinkirin magana, in za a ƙirga kalmomin yaro ana haɗa na yarukan duka ne, kar ki daina yi masa yarenki. Rigakafi kuma, maganar cewa yana jawo otizim ta samo asali ne daga wani rahoto na 1998 a mujallar likitoci ta Lancet a kan yara 12 kacal, an gano an yi maguɗi a ciki, mujallar ta janye shi a 2010 shi kuma likitan da ya jagoranci rahoton aka soke lasisinsa a Ingila, bayan nan an bibiyi yara dubu ɗaruruwa ba a ga alaƙa ba. Dan Allah ki ci gaba da kai shi allurarsa. Waya ki rage, hukumar lafiya ta duniya ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kar ya wuce awa 1 a rana, amma dalilin shi ne tana cin lokacin da za a yi hira da shi, ba wai ita ta hana shi zama da wuri yana jariri ba.

Abu ɗaya da ba a jira da shi: in kika ga ya daina abin da ya iya a da, ko yana ƙamewa ya zuba ido ba ya amsawa, ko jijjiga, ki koma asibiti a ranar ki ce musu haka.

Maman Sadik:

Na karanta rubutunki hawaye na zuba, don kamar ni na rubuta shi shekara 4 da suka wuce. Hannun nan da yake ja ya ɗora a kan abu, wayyo.

Mu wata 14 muka yi daga ranar da na fara kai ƙorafi zuwa ranar da aka ce otizim ne. Kuma kin san abin da ya fi ci min rai? Duk abin da aka koya min bayan an faɗi sunan, ba ko ɗaya da ba zan iya farawa ba tun ranar farko. Ni na zauna ina jiran suna kamar sai da shi za a buɗe min ƙofa. Ki tambaya ko za a tura ku wurin masu koyar da magana da masu gashin ƙashi tun yanzu, jinkirin da ake gani ya isa dalili.

A gida kuwa abin da mai koyar da maganarmu ta fara hana ni shi ne tambaya. Ni da wuni nake "mene ne wannan? ce kofi, ce kofi", yaro ya gudu. Ta ce in zauna ƙasa daidai fuskarsa, duk abin da ya ɗauka in bi shi, in faɗi sunan abin da kalma ɗaya ko biyu in yi shiru. Shirun nan ya fi komai wuya wlh, ki ƙirga har 10 a zuci kina kallonsa. Abin da yake so ki sa inda zai gani amma hannunsa ba ya kai, in ya ja ki ki tsuguna ki nuna da yatsanki ki faɗi sunan sannan ki ba shi, kar ki hana shi har ya yi kuka, ba horo ba ne. Ki riƙe abu biyu ki bar shi ya zaɓa. Mun yi amfani da hotuna da alamar hannu ma, na ji tsoro kar su hana shi magana, ashe su suka rage masa ihu don ya samu hanyar faɗin abin da yake so. Kalmarsa ta farko mai ma'ana ta zo yana shekara 3 da wata 2, "buɗe".

Ga ranar likita, ki sayi ƙaramin littafi ki rubuta watan da ya fara kowane abu, ki ɗauki bidiyo gajeru a waya, kina kiran sunansa daga baya, yana wasa shi kaɗai, yana jan hannunki. Minti 15 ɗin da za a ba ki yaro zai iya yin barci ko ya yi ta kuka, bidiyon ne zai yi miki magana. In an ce ki jira ki ce to, zuwa yaushe, kuma me za mu gani mu dawo kafin lokacin? A rubuta miki. Sannan ki dinga kiran wurin kina tambaya ko wani ya fasa zuwa, mu haka muka samu aka matso mana da sati 6.

Maigidanki kuma kar ki ɗauka bai damu ba. Nawa sai daga baya ya gaya min tsoro ne ya hana shi yarda, yana ganin in ya amsa abin ya tabbata. Ki roƙe shi ku shiga tare ya ji da kunnensa, ya fi ki dawo kina ba shi labari.

Ba zan ce miki komai ya wuce ba, Sadik yana shekara 6 har yanzu akwai ranakun da nake shiga ɗaki in yi kukana in fito. Amma yana kirana da suna, yana zuwa makaranta, kuma jiya shi ya nuna min jirgi a sama da yatsarsa.

Baban Yusra:

Hajiya ki yafe ni, na yi gaggawar magana. Ban san abin yana da wannan zurfin ba. Ki bi shawarar su Sista.

Maman Hanif:

Ba komai Baban Yusra, na gode da addu'a. Na gode muku duka Allah ya saka da alheri, Maman Sadik ban san me zan ce miki ba.

Na cike takardar M-CHAT ɗin da daddare, ya samu 9, na ga an rubuta daga 8 zuwa sama a kai yaro a duba shi ba tare da jira ba, na yi kuka sosai amma na kira asibitin da safe na gaya musu lambar, sun ce in kawo takardar za su nuna wa likita. Gwajin ji kuma an ba mu ranar Talata. Na nuna wa babansa bidiyon da nake kiransa sau 6 bai juyo ba, bai ce komai ba ya daɗe yana kallo, sai ya ce Talata ƙarfe nawa.

Sista Rabi tambaya ɗaya, shi ABR ɗin in bai yi barci da kansa ba magani ake ba shi? Don Hanif ba ya barcin rana ko kaɗan.

Sista Rabi:

A shekarunsa yawanci ana ba da maganin barci mai sauƙi kuma ana sa masa ido har ya farka. Ki kira su kafin Talata ki tambaya ko za a hana shi ci na wasu awanni, don in za a ba da maganin akwai ƙa'idar hakan, kar ku je a ce ku koma. Ki tafi da katin haihuwarsa da duk takardar da aka ba ku lokacin shawarar.