Shawarwari Ga Mai Kallon Rubutun Da Ba Ya Karantuwa

A wata tattaunawa da ɗaliban zane suka yi da malamansu, tambayar da ta fi yawo ita ce yaya mutum zai yi idan ya shiga gidan baje koli ya tarar da aikin da duk rubutu ne, amma ba ya karantuwa.

Shawarar da aka fi jan lokaci a kanta ita ce kada ka yi gaggawar neman fassara. Aka kawo misalin Xu Bing na ƙasar Sin, wanda ya sassaƙa haruffa kusan 4,000 a katako, ya buga littattafai da su, aka fara nuna su a Beijing a 1988. Kamarsu ɗaya da rubutun Sinanci, amma ko ɗaya ba ya nufin komai. Masu ilimi ma sun tsaya laluben harafin da suka sani. Wannan ruɗewar ita ce aikin, domin tana nuna yadda muke gaskata abu don kawai mun gan shi a littafi.

Wani malami ya ce a riƙa tambayar wa ya ba abu sunansa. Misali, mai fasaha ɗan Amurka Joseph Kosuth a 1965 ya jera kujera, hotonta, da bayaninta na ƙamus. Wacce ce kujerar gaskiya?

An yi saɓani kan takardar bayanin da ake mannawa a bango. Wasu suka ce a fara da ita. Ni dai ina tare da masu cewa a bar ta sai ƙarshe, don tana yawan rufe wa mutum ido.