Taurin ƙari ne ke yaɗa ciwon daji?

Ɗalibin Likitanci: Ni dai na tsaya a kan bakana: taurin naman da ke kewaye da ƙari shi ne ke tura ciwon daji gaba. A sassauta shi, an ci rabin yaƙi.

Nas: Ƙanena, wane tauri kuma? Mu a asibiti ƙullutu kawai muke ji a ƙarƙashin yatsa, kamar tsakuwa cikin tuwo.

Ɗalibin Likitanci: Shi nake nufi, Anti. Kolajin ne, zaren furotin da ke riƙe fata da jijiya. Akwai wani sinadari, LOX, mai aiki da jan ƙarfe, da ke taɓa laisin, ɗaya daga cikin tubalan furotin, a jikin zaren ya ɗaure shi da na kusa. A 2009 ɗakin binciken Valerie Weaver a Amurka ya nuna a ɓeraye cewa idan ɗaurin ya yi yawa ƙarin nono ya fi kutsawa, idan aka hana LOX aiki kuma ya lafa.

Mai Kemis: Wato kamar jima. Majemi ya jiƙa ɗanyar fata a ruwan bagaruwa, ta kama jikinta, ta daina ruɓewa.

Malamin Jami'a: Misalinka ya zauna, Alhaji, ko da yake sinadarin bagaruwa daban ne. Ɗaurin zaren nan ne ma ya sa naman tsohon bijimi ke cinye itace kafin ya nuna. Amma ɗana, ɓera ba mutum ba ne. Kamfanin Gilead ya yi maganin simtuzumab don toshe LOXL2, ɗan'uwan LOX ɗin nan, aka gwada shi a masu dajin fankiriyas, gaɓar ciki mai samar da insulin, a 2014 aka sanar bai ƙara komai ba. A shekarar ne kuma aka rage ƙwayoyin halittar da ke saƙa naman da ke kewaye da ƙari a ɓeraye, sai ciwon ya ƙara zafi. Wani lokacin katanga ce, ba hanya ba.

Ɗalibin Likitanci: To hanta fa, Malam? Ciwon hanta nau'in B ya daɗe yana kumburi, tabo ya taru, hanta ta taurare, sannan daji ya biyo.

Malamin Jami'a: Nan kam ka kama ni da hannu ɗaya. Sai dai ƙwayar cutar B tana iya jawo daji ko hantar ba ta taurare ba.

Nas: Ku dai ku yi ta yi. Ni abin da ke damuna, kada wata ta karanta ta ce nata ƙullutun mai laushi ne, ta zauna a gida. Kowane iri ne, ta zo a duba.

Mai Kemis: Masu zuwa neman garin kolajin don ciwon gwiwa fa, in ce musu me?

Malamin Jami'a: Ciki narkar da shi yake kamar ganda. Ba ya tafiya gwiwa a matsayin zare.